Kofur Ya'u da 'Yar Bambai

Duk wanda ya zauna Bauchi a shekarun da ake ta hayaniyar mulkin kai, in dai ya taɓa hayar keke a bakin Ƙofar Wunti, to ya san Kofur Ya'u, kuma ko yana so ko ba ya so ya sha labarin yaƙin Bama. Ba a karɓar keke a rumfarsa sai an ji yadda ya kwashe da sojan Jafan. In kana sauri ma, sai ya dafe sirdin har ya kai aya. Yau waɗanda suka tare shi a bakin kogi 'yan kaɗan ne, gobe su zama garke guda, amma ƙarshen labarin ba ya canzawa: babbansu ya sare shi da takobi a ƙirji, harsashi ya bi ta cikin saran ya zauna, likitan Turawa ya ɗinke ya ce kada ya kuskura iska ta taɓa wurin. Shi ya sa tun da ya dawo ba mahaluƙin da ya taɓa ganinsa ba riga. Ko a tsakiyar bazara, lokacin da maƙera da mahauta ke tuɓewa, shi yana nan cikin singileti da taguwa, maɓalli har wuya, gumi na tsiyaya.

Mutum ɗaya ne a garin ya san abin da ke ƙarƙashin taguwar, wato Toma bakanike, mutumin Bogoro, wanda aka ɗauke su soja rana ɗaya. Toma ya san Ya'u tukwane ya wanke daga farkon yaƙin har ƙarshensa, kofur ɗin ma shi ya naɗa kansa a cikin jirgin ruwa. Ya kuma san cewa a hanyar dawowa, da aka sauke su a Bambai ta ƙasar Indiya, Ya'u ya shiga rumfar wani mai zane a jiki da allura, ya buɗe ƙirji ya nuna hoton zaki ya ce a zana masa. Allura na taɓa shi ya sume. Da ya farfaɗo, maimakon zaki sai ya tarar da wata mata mai rawa, daga ƙirjinsa har kusa da cibiya, hannu ɗaya a sama ɗaya a ƙugu, da ɗan jan mayafi. Toma ya sha rantsuwa cewa ba shi ya canza hoton ba, ni dai ban taɓa gamsuwa ba. Da shekaru suka tura Ya'u ya ajiye tumbi, ita ma sai ta yi ƙiba, in ya yi tari kuwa har ƙugu take girgizawa.

Da haka aka zauna lafiya har Allah ya haɗa shi da Fatu, 'yar Malam Abdulsalami na unguwar Jahun. Ya'u ya daɗe yana tuzuru, kuma duk cika bakinsa, son da yake wa Fatu ba ƙarya a ciki. Ita kaɗai ce ke katse shi a tsakiyar labari ta ce, "Jiya fa ba haka yawansu yake ba," ya yi dariya maimakon fushi. Mahaifinta kuwa Bafulatanin gida ne, shanunsa na can wajen Gubi, mutum mai tsanani wanda ya tsani duk abin da ya shafi bariki. Abu biyu suka sa ya ba tsohon soja 'yarsa: raunin nan da ake faɗi, da kuma kunyar Ya'u. Malam ya sha cewa a zaure, mutumin da bai taɓa bari an ga ko kafaɗarsa ba, ai ba ɗan iska ba ne.

Aka sa rana. Ya'u ya je gaisuwa yana baki har kunne, sai ya ci karo da Dada a soro. Dada ita ce mahaifiyar Malam, kuma ita ce arwankar unguwar, wato duk angon fari ita ke zaunar da shi a kan turmi ta wanke shi a gaban jama'a.

"Angona," in ji ta, "tun da kakarka ta rasu, jajibirin ɗaurin aure ni zan wanke ka a tsakar gidan nan. Mu ma mu ga saran nan da ya hana mu sakat."

Ya'u ya yi maza ya dafe maɓallin taguwarsa. "Ai Dada likita ya hana. Ya ce kada iska ta taɓa wurin."

"To ni ina ruwana da iska? Ruwa zan zuba."

"Ai ni na girmi wankan ango."

"Girman da ka yi ne ya sa zan nemo babban soso," in ji Dada, ta wuce abinta.

Daga nan bai zame ko'ina ba sai garejin su Toma. Ya same shi a ƙarƙashin wata akori-kura, ya jawo ƙafarsa waje, ya faɗa masa abin da ake ciki. Toma ya yi dariya har ya buga kai a jikin mota.

"Kofur, ka je ka gaya wa surukinka gaskiya. Kuruciya ce, a ƙasar wasu aka yi."

"Gaskiya? In Malam ya ga matar nan, ko ƙofar gidansa ba zan sake bi ba. A'a, na riga na tsara komai. Goge ta zan yi, inda na goge ya zama tabo, tabon ya zama saran takobi. Ka ga matar ta tafi, rauni ya samu."

"Da me za ka goge ta?"

"Ka manta da wa kake magana? Ni da na zauna da manyan likitocin Bama?"

"Kwanukansu dai ka zauna da su."

"Turawa ma ana maganar za su tattara su bar ƙasar nan," in ji Ya'u, "balle wata 'yar Bambai. Ka ba ni ruwan batir."

Toma ya ce ko da bindiga aka ritsa shi ba zai bayar ba, don ya ga yadda ruwan batir ke cin wando, kuma ba shi da niyyar zuwa jana'iza a madadin biki.

Ya'u ya ce ba komai, dabara ba ɗaya ba ce. Ya biya kasuwa ya sayo gishiri da lemun tsami, ya ari dutsen goge kaushi wurin matar mai gidan da yake haya, ya shiga bayan gida da hantsi ya ja ƙyauren kara. Ya jiƙa gishiri ya shafa, ya kama dirza. Da farko har waƙar fareti yake yi. Da wurin ya saɓule ya yi ja, sai ya ce yanzu ne lokacin lemu, ya yanka ya matse a kai.

Ihun da ya kurma, awakin gidan sai da suka tsinke igiya. Ya yi tsalle ya taka sabulu, ya tafi da ƙyauren gaba ɗaya, Allah ya taimake shi ya faɗi rubda ciki. Maƙwabta suka cika gidan, wani da taɓarya, wani da sanda, ana tambayar ina macijin. Ya'u ya rungume ƙasa ya ƙi juyowa, ya ce a miƙo masa bargo.

"Ba maciji ba ne," ya ce yana haki. "Ciwon Bama ne. Duk shekara in watan da aka sare ni ya zagayo, sai ya motsa."

"Ikon Allah," in ji matar mai gida. "To shi ciwon Bama da lemun tsami ake masa miya? Kuma ina dutsena?"

Da wurin ya ɗan kame ya kira Toma ɗaki ya ga aiki. Toma ya duba sama, ya duba ƙasa, ya toshe baki. Matar tana nan daram, ko gira ba ta rasa ba. Abin da gishiri ya ci shi ne jan mayafin nan kawai.

"Sannu da ƙoƙari, Kofur. Da tana da mayafi, yanzu ka tuɓe mata."

"Somin taɓi ne. Na gane kuskuren, tawadar a ciki take, ba a sama ba. Abin da ke ciki kuwa zuƙo shi ake yi."

Ƙaho yake nufi. Amma zuwa wurin wanzami daidai yake da kiran sankira, don kafin a gama aske kai uku labari ya kai har Yelwa, can bayan gari. Saboda haka ya samo ƙahonsa a wurin mahauta, ya huda tsinin. Sai dai mutum ba ya iya zuƙar ƙirjin kansa, Toma kuma ya ce bakinsa ba zai taɓa abin ba. A nan ne Ya'u ya ce a tsaya a ga aikin ilmi. Ya kwance famfon keke ya juya 'yar fatar da ke ciki, yadda maimakon ya hura sai ya ja. Ya dasa bawul a tsinin ƙahon. Don kada iska ta shiga ta gefe kuma, ya shafe bakin ƙahon da sholisho, wato danƙon da yake liƙe faci da shi. Ya kafa a daidai cikin matar, ya ce Toma ya ja.

Toma ya ja. Ya'u ya ce a ƙara, wai a Bama an yi masa wanda ya fi wannan yana cin gyaɗa. Toma ya ƙara. Idanun Ya'u suka firfito, ya ce ya isa haka, a cire. Aka ja ƙaho ya ƙi. Aka murɗa, Ya'u ya bi shi yana juyawa kamar akuyar da aka kama wa kunne. Suna cikin wannan kokawa aka yi sallama a waje, wai Malam Abdulsalami na kiran Ya'u yanzu-yanzu, 'yan'uwansa sun iso daga Gubi suna son ganin surukinsu.

Ba yadda zai yi. Ya zura babbar riga a kan ƙahon, ya hau keke, abu na tsaye a gabansa ya ɗaga riga kamar turken laima. Duk inda ya gifta sai an waiwayo. A ƙofar gidan ya haɗu da Fatu za ta shiga da tulu. Ta dubi rigar, ta dube shi.

"Me ka ɓoyo mini?"

"Sirrin soja ne."

"Sirrin naka dai ya kusa huda riga," ta ce, ta shige tana ƙunshe dariya.

A zaure dattawa sun jeru a kan buzu da tabarmi. Ya'u ya cire takalmi ya durƙusa a karkace. Aka gaisa, aka tambayi gajiya, amma idon kowa na wuri ɗaya. Can Malam ya yi gyaran murya.

"Ya'u, lafiya ƙirjin nan naka?"

"Lafiya lau, Baba. Harsashin ne ke tasowa."

"Wannan duk harsashi ne?"

"Ai na Jafan ba irin namu ba ne, Baba. Girma yake yi a jiki. In ya ji damina ta kusa sai ya taso, in an yi ruwa ya koma."

Dattawa suka yi salati. Wani tsoho daga cikin baƙin, Hammajoda, ya matso ya ce shi ya saba cire ƙaya da kibiya a jikin shanu, bari ya taɓa ya ji. Ya'u ya ja da baya da gwiwa, tsoho ya biyo shi. Ya ƙara ja, bayansa ya bugi bango. Gumin tsoro ya riga ya jiƙa danƙon, sai ji aka yi fau! Abu ya sulale ta ƙarƙashin riga, ya gangara tsakiyar zaure ya tsaya a gaban Malam. Hammajoda ya ɗauka, ya juya shi, ya shinshina.

"Wannan ai ƙahon bijimi ne. Bunaji ma kuwa."

Ya'u bai ko ƙifta ido ba. "Kubensa ke nan, Baba. A cikinsa nake tare harsashin don kada ya yaga mini riga."

Malam ya daɗe yana kallonsa. Kafin magariba gari ya ɗauka cewa harsashin Kofur ya kusa fitowa, kuma ranar wanka za a gan shi. Har waɗanda ba a gayyata ba suka fara tambayar wace rana ce.

Da suka buɗe a ɗaki, ko ɗigon tawada ƙahon bai zuƙo ba. Abin da ya bari shi ne kumburi, zagayayye sumul, a daidai cikin matar. Toma ya zauna a ƙasa don dariya.

"Barka, Kofur! Ka riga ka samu ƙaruwa tun ba a ɗaura ba. Yaushe suna?"

Wani mai hankali da a nan ya tsaya. Ya'u kuwa ido ya ƙura wa zoben danƙon da ya maƙale a fatarsa, ya daki cinya ya ce ai maganin yana rumfarsa tun tuni bai lura ba. Shekara nawa yana liƙe tib ɗin keke? In roba ta huje ba goge hujin ake yi ba, faci ake sa masa. Roba baƙa, shi ma baƙi. Zai ce facin likitan Turawa ne, wanda in aka ɓamɓare ransa zai bi.

"Mutum fa ba taya ba ne," in ji Toma.

"Duk iska ke riƙe da su."

Ya yi aikin kamar yadda ya saba yi wa keke, bai tsallake komai ba. Ya yanko ƙatuwar roba daga tsohon tib ɗin babur, ya kankare ta da samfefa, ya kankare ƙirjin ma, don faci ba ya kama wuri mai santsi. Hawaye na zuba ya shafa sholisho a duka biyun, ya tsaya a bayan ɗaki yana hura wa kansa iska har danƙon ya sha. Sannan ya manna, ya kwanta rigingine, ya sa Toma ya ɗora masa dutsen niƙa. Faci ya kama kam. Ya'u ya miƙe yana tafiya a sanƙare, ba ya iya sunkuyawa, in ya ja numfashi robar ta yi ƙara, amma ya ce ko injiniyan Ingila sai dai ya yi haka. Abin da bai tuna ba shi ne, duk facin da ya taɓa yi a ruwan sanyi yake gwada shi.

Aka kama ango, aka sa shi a lalle, ranar wanka ta zo. Tun bayan la'asar gidan Malam ya cika ya batse, mata a tsakar gida, abokan ango a gefe, yara a kan katanga har da reshen ɗorawa. Dattawa na zaure don ba a gabansu ake yi ba. Amarya Fatu kuma tana gidan gwaggonta, katanga ɗaya ce tsakani. Aka kifa turmi, aka zaunar da Ya'u. Ya tashi tsaye ya yi wa jama'a jawabi, ya ce masu raunin zuciya su kau da kai, sannan ya tuɓe riga.

Dada ta matso ta ƙwanƙwasa robar da ɗan yatsa.

"Wannan fa?"

"Facin likita ne. A ƙarƙashinsa saran yake. Kada ki matsa masa, raina a nan yake rataye."

"Likitan naku da rubutun taya yake faci?"

"Lambar asibiti ce."

"To, Allah ya ba da lafiya. Zauna."

Dada ta ji tausayin mai rauni, shi ya sa ta sa aka dafa masa ruwan sosai har yana tururi. Ta kamfato ƙwarya ta sheƙa masa, mata suka rangaɗa guɗa. Ta ƙara, ta kawo sabulun salo da babban soson da ta yi alkawari. Ya'u ya ji gefen facin ya fara ɗagawa. Ya dafe da hannu, ɗaya gefen ya buɗe. Ya dafe da ɗaya hannun.

"Ɗaga hannu in wanke hammata."

"Hammatar soja ba a wanke ta."

"A gidan nan ana wankewa. Ku riƙe mini shi."

Abokan ango suka ɗaga hannuwansa sama, Toma na cewa a bi a hankali amma ba mai jin sa. Dada ta juye sauran ruwan tun daga ka. Faci ya saɓule gaba ɗaya, ya faɗa cikin kwatami, ruwa ya tafi da shi waje.

Ga ta nan a gaban kowa, ba mayafi, ciki a gaba, hannu a ƙugu. Ya'u ya kama rawar ɗari don tsoro, tumbi na kaɗawa, ita kuwa ta shiga rawa kamar an buga mata kalangu. Guɗar da aka ɗauko ta tsaya a maƙogwaro. Wata ta ce na boni, wata ta rufe wa 'yarta ido tana leƙe ta tsakanin yatsu. Sai wani daga kan katanga ya ce, "Ashe Bajafanen mace ce!" Gida ya kece. Har wata tsohuwa ta zube a jikin randa.

Hayaniyar ce ta shigo da Malam Abdulsalami, Hammajoda na biye. Dariya ta ɗauke. Malam ya dubi ƙirjin sau ɗaya ya kau da kai.

"Ina saran takobin?"

Ya'u ya buɗe baki. Mutumin da bai taɓa rasa amsa ba tun da aka san shi, ranar nan ko kalma ɗaya ta ƙi fitowa. Yana zaune a kan turmi, kumfa a kunne, lalle a hannu, ruwa na ɗiga daga gemunsa. Wallahi duk haushin surutunsa da nake ji, a lokacin nan ya ba ni tausayi ƙwarai.

"Da wannan kake tsayawa a sahu kusa da ni?" in ji Malam. "Ba da ni ba. Gobe ba abin da za a ɗaura."

Ya juya zai fita. Dada ta jefar da soso.

"Kai, uban Fatu, dawo nan. Rauni kake nema? Zo ka gani."

Uwa ce ta kira, dole ya dawo. Ta nuna masa inda gishiri ya ci, da zoben ƙaho, da inda samfefa ta kankare har nama, da inda danƙo ya tafi da fata.

"Na wanke angwaye tun kana goye, ban taɓa ganin wawa irin wannan ba. Amma duk wannan ɓarnar sabuwa ce, ba ta Bama ba ce. Da hannunsa ya yi wa kansa don kada ka hana shi jikata."

"Inna, maƙaryaci ne."

"Shi ne yau ka sani? Kai kaɗai ne a Bauchi ka yarda da shi."

Malam ya tsaya a kan bakansa. Ya ce ƙarya daban, hoton mace a jikin Musulmi daban. In ana son ya sake magana, to sai an kira wanzami ya sa aska ya feɗe wurin gaba ɗaya, in ya warke a zo a tattauna. Ya'u na jin an ambaci aska ya fara lumshe ido, Toma ya tare shi ta baya. Amma duk da haka ya ɗago kai ya ce, "Na yarda, Baba. A kira shi."

Sai murya ta taso daga bayan katanga. Amaryar da ke cikin lalle, wadda ko tarinta bai kamata a ji ba, ita ce ke magana.

"Dada, ki ce wa Baba a bar matar nan haka. Ni ba ta tsare mini komai ba. In aka ƙara taɓa ƙirjin nan, ba sauran abin da za a aura."

Mata suka kama baki. Dada ce ta fara tuntsirewa, Hammajoda ya biyo ta. Malam ya ja hannun riga ya rufe fuska, wai kunyar rashin kunyar 'yarsa yake ji, amma kafaɗunsa rawa suke yi. Da ya sauke hannun sai ya ce to, tun da mai abu ta ce ta ji ta gani, shi ba zai zubar da jini a banza ba. Sharaɗi biyu ne. Rigar nan ta koma inda take, kada ya sake ganin abin da ke ciki har ya mutu. Na biyu, daga yau kalmar Bama ta haramta a bakin Ya'u, a gida ko a rumfa.

"Baba, ko na bakin kogin nan kawai?"

"Ko sunan kogin."

Na ga mutane da yawa an yanke musu hukunci, ban ga wanda fuskarsa ta faɗi kamar ta Ya'u ba. Ya fi jin zafin wannan a kan lemun tsami. Amma ya dubi katangar da muryar ta fito, ya ce ya ɗauka.

Washegari aka ɗaura aure. Ango ya fito karɓar gaisuwa yana tafiya a hankali, an shafe ƙirjin da man shanu an naɗe da tsumma a ƙarƙashin riga. Wani baƙo daga Gubi, wanda bai iso da wuri ba balle ya ga wanka, ya riƙe hannunsa da girmamawa.

"Kofur, an ce kana ɗauke da raunin yaƙi. A wace ƙasa aka gwabza?"

Idon Ya'u ya yi haske, ya gyara tsayuwa, ya ja numfashi. Sai ya hangi Malam a kan buzu yana kallonsa. Ya saki numfashin a hankali.

"A nan Bauchi aka yi shi."

"Ikon Allah! To wa ya ci?"

Ya'u ya dafa ƙirji ya ɗan yamutsa fuska.

"Ita ta ci," ya ce. "Amma ni aka ba Fatu."